Zoben Tukunyar Sabulu

Wata biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mai Samfuri a bakin shagonsa. Ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya haɗa da harshe. Kai kuwa ya bar masa shi garau, kuma nan muguntar ciwon take. Yana jin kome, yana gane kome, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito, mutane su gyaɗa kai su ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ko da kuwa ruwan sha yake nema.

Sana'arsa ba kowa ya san ta ba. Shi yake sassaƙa siffar abu da katako, a kai gidan zubi, a danna ta cikin yashi a cire, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da samfuri an ce ga kuskure ba. Sai dai a faɗi gaskiya, mutumin yana da rowar sani. Bai taɓa koya wa kowa ba. Ƙaninsa, kafintan kujeru da gadaje, ya taɓa roƙonsa ya nuna masa, ya ce da shi ya je ya ci gaba da buga ƙusoshinsa. A gida ma in matarsa ta tambaye shi yaya aiki, amsar ba ta canzawa: "Aiki da godiya."

Ran nan da safe an zaunar da shi a keken marasa lafiya a ɗakin da matarsa take ɗinki, kusa da taga. Autarsa ta shigo tana ɗaura ɗankwali, ta durƙusa ta gyara masa ƙafar da ta zame daga matakin keken. A masana'antar sabulu take aiki, shekara uku ke nan.

"Baba, yau fa za a hura wa sabuwar tukunya wuta," ta ce. "Manaja ya ce ni zan fara hawa in tuƙa. Tukunyar ta kai rabin ɗakin nan, wallahi. Kuma zobenka ne yake riƙe da ita."

Ya san zoben. Shi ne aiki na ƙarshe da aka kawo masa: ƙaton zobe na ƙarfen zubi, gida huɗu masu haɗuwa da noti, da za a ɗaure a wuyan tukunyar, da kunnuwa biyu da za su hau kan ginshiƙai, tukunyar ta rataya a kan wuta. Zane kawai ya karɓa, ko katakon bai fara yanka ba ciwo ya kayar da shi. A zatonsa mai gidan zubi ya aika da zanen wani gari, wurin wani mai sana'a irin tasa. Da Auta ta ce "zobenka", sai ya ɗauka faranta masa rai kawai take yi, ya yi mata murmushin da rabin fuska ya yarda.

Ƙawarta ta leƙo daga ƙofa. Tsinke ake ce mata, don ko 'ya'ya biyun da ta haifa ba su ƙara mata ƙiba ba. Kullum ita take biyowa su tafi tare, kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba.

"Baba, ina kwana? Yau kam ka yi fes," ta ce, ta ajiye masa lemo ɓararre a cinya. "Saura ƙiris mu gan ka kana bin mu da gudu kana cewa mun makara."

Suka fita suna dariya. Agogon bango ya nuna takwas saura kwata.

Matarsa ta jawo jakar da suka dawo da ita daga asibiti, wadda aka jefa bayan ƙofa aka manta. Ta zazzage ta, rigar aikinsa ta faɗo, wadda take jikinsa ranar da ya faɗi. A aljihun rigar ta ciro rularsa ta katako mai naɗewa, wadda hannu ya goge har ta yi baƙi tana ƙyalli. Tela ce, ba ta ganin abin awo ta ƙyale. Ta miƙe rular a kan tebur, ta shimfiɗa tef ɗinta a gefe, ta duba, ta sake dubawa, sai ta fashe da dariya.

"Maigida, ashe rular nan taka maƙaryaciya ce! Duba nan, a mita ɗaya ta fi tef ɗina da santimita guda cur. Shekara nawa kana cutar bayin Allah da ita? To, Allah ya rufa asiri da take aljihunka. Da ƙaninka ya yi awo da ita, ai da ya ɓata zoben nan."

Mai Samfuri ya ɗago kai.

"Au, na fasa ƙwai," ta ce, ta rufe baki da hannu. "Cewa muka yi sai an hura wuta lafiya a gaya maka, ka ji daɗi. Ai shi ya sassaƙa samfurin, don kada aikin ya fita daga gidan nan. Kwana tara yana shagonka. Mai gidan zubi ko aunawa bai yi ba, ya ce abin da ya fito daga shagonka ba a sa masa rula."

Rular ba maƙaryaciya ba ce. Ƙarfen zubi in ya huce tsukewa yake yi, kashi ɗaya cikin ɗari, don haka mai samfuri ba ya awo da rular mutane. Tasa an yi ta da ɗan ƙari, yadda in ƙarfen ya tsuke zai dawo daidai da zane. Ita kaɗai ce irinta a shagon, kuma ga ta nan a kan teburin ɗinki. Ya yi lissafin a ka, don kan bai manta aikinsa ba: zobe mai kewayen mita shida da ɗoriya, an yi shi da tef ɗin kujera, zai gaza da santimita shida. Ba zai shiga wuyan tukunyar ba. To ta yaya aka yi ya shiga?

Amsar ta shigo da ƙafarta, ɗauke da burodi a leda. Kafinta ne, ya sa sabuwar riga, fuskarsa kamar an ba shi kyautar gida.

"Yaya, barka da hutawa. Matar Yaya, yau ma ba a ba miji shayi ba sai na zo?"

"Kai dai ka zo shan naka," ta ce. "Zauna, na riga na gaya masa."

Kafinta ya jawo kujera ya zauna dab da yayansa, ya dafa gwiwarsa. "To ka ji. Aikin da ka ce ba na masu buga ƙusa ba ne, ga shi mai buga ƙusa ya yi. Kan zane na bi, layi bayan layi, ko gashi ban ƙara ba. Kusurwar da kunnuwan suka haɗu da zoben kuwa, na fitar da ita tas kamar bakin wuƙa, ba irin taka da kake cikewa da kakin zuma ba. Wajen ɗaurawa ne kawai aka ɗan sha wuya, masu tukunyar ne suka yi ta da ƙiba. Kowace mahaɗa sai da ta bar giɓin faɗin yatsa guda. Amma yaran nan masu ɗauri ba dama. Bututu suka zura wa sifana, mutum uku suka rataya a jiki, suna ja noti yana kuka, har bakin ya haɗu. Yanzu ko allura ba za ta shiga ba."

Mai Samfuri ya ji kamar shi aka zura wa bututun. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, ba ya miƙewa, kuma ba ya gargaɗi. In aka matsa masa shiru yake yi, ya riƙe abin a ciki, ranar da ya gaji ya tsinke gaba ɗaya. Kakin zuman nan da Kafinta yake yi wa dariya, shi yake hana kusurwa zama kaifi, domin a nan ƙarfe yake da kauri, nan yake hucewa a ƙarshe, yana tsukewa yana jan naman jikinsa har ya bar kogo a ciki, fatar waje kuwa sumul. A kan irin wannan kusurwa aka rataya tukunya cike da mai da soda. Yau kuma an sa mata wuta. Tukunya za ta yi zafi ta buɗe, zoben da aka riga aka ja har iyakarsa ba shi da inda zai je. Auta kuma tana tsaye a bakinta da muciya.

Ya buɗe baki ya ce a kashe wutar. Abin da ya fito gurnani ne, da yawu a gefen leɓe.

"Ka ga, daɗi ya ji," in ji Kafinta.

Ya sake yunƙurawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Matarsa ta matso ta goge masa baki da gefen mayafi. "Bayi za ka? Ko zaman ne ya ishe ka?" Ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna rular. Ta miƙo masa tana cewa wasa take yi, kada ya yi fushi, rularsa ta fi ta kowa gaskiya. Ya nuna biron da take rubuta awon mutane da shi. Aka ba shi, aka ɗora masa littafi a cinya. Ya san kalmar da yake so, yana ganin ta a ransa, amma da biron ya taɓa takarda sai haruffan suka watse, hannun hagu ya yi ta zana ƙugiyoyi marasa ma'ana. Ya yi ƙoƙarin zana zobe, ya fito kamar ƙwai da aka taka.

"Hannun yana dawowa a hankali," Kafinta ya ce da matar yayansa, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ake yi a gaban marar lafiya. "A dinga ba shi yana gwadawa."

Ƙarfe tara da minti goma. Ya san irin wannan tukunya, awa biyu take ɗauka kafin zafi ya ratsa ta. Tsoro ya cika shi, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushin kansa. Magana ce ta minti ɗaya. Da ya faɗe ta sau ɗaya cikin shekara talatin da huɗu, a kan shayi, ko cikin faɗa ma, da yanzu akwai wanda ya sani a ɗakin nan. Ya ɗaga hannu ya make kofin shayin da ke kan tebur, ya tarwatse a ƙasa.

Matarsa ta tsaya tana kallonsa. Tun da ta aure shi bai taɓa fasa ko cokali ba.

"Wannan ba fushi ba ne," ta ce a hankali. "Tsoro yake ji. Maigida, mene ne?"

Idonsa ya yi ta yawo a ɗakin yana neman abin da zai yi magana a madadinsa. Keken ɗinki, almakashi, tulin atamfofi, dutsen guga na gawayi a ƙasa. Sai ya ga yaduka biyu na farin auduga a bakin tebur. Jiya a gabansa ta yanke su daga bandir ɗaya, tsawo ɗaya, ta wanke guda ta shanya, ɗayan tana jira a kawo ruwa. Ya tura kekensa da ƙafar hagu, ya fizgo su, ya yi ta fama da hannu ɗaya da haƙori har ya haɗa bakinsu. Wankakken ya gaza da kusan faɗin yatsa biyu. Ya ɗora rularsa a kan wanda ba a wanke ba. Ya ɗora tef ɗinta a kan wankakken. Sannan ya sake ɗaukar rular ya sunkuya ya ƙwanƙwasa dutsen guga, ya dawo ya bugi wankakken yadin, ya koma ya ƙwanƙwasa dutsen guga, ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa wuya.

"Guga yake so a yi?" in ji Kafinta.

"Yi shiru." Ta durƙusa a gabansa, tana duban yadin tana duban ƙarfen. "Auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, shi ya sa nake barin ƙari in zan yanka. Maigida, ƙarfen ma tsukewa yake yi?"

Ya gyaɗa kai har keken yana motsi.

"Ƙarin da ke jikin rular nan, nasa ne? Da gangan aka yi ta haka?"

Hawaye suka zubo masa. Ya gyaɗa kai.

Ta juya ta kalli Kafinta. "Ba tukunyar ce ta yi ƙiba ba. Zobenka ne ya yi kaɗan."

"To ai ya shiga," ya ce, amma muryar ta riga ta sauka. "Da idona na gani, ya haɗu."

"Ni ma na sha cusa mutum cikin rigar da ta yi masa kaɗan. Tana shiga. Sai ya ci ya ƙoshi, ko ya yi dogon numfashi, ka ji ɓarrr a hammata." Ta tsaya, bakinta a buɗe, don maganar da ta faɗa ta riga ta kai ta inda ba ta so. "Wuta. In tukunyar ta ji wuta... Innalillahi. Auta!"

Ta kira wayar Auta sau uku, tana ta ƙara ba a ɗauka, don a masana'antar a akwati ake kulle wayoyi kafin a shiga. Kafinta ya kira mai gidan zubi, wayar a kashe. Ba wanda yake da lambar Manaja. Mai Samfuri ya riƙe ƙofar ɗakin da hannu ya ƙi saki har sai da suka gane ba za a bar shi a gida ba. Suka cicciɓe shi zuwa gaban a-kori-kurar Kafinta, aka jefa keken a baya.

Hanyar ba ta da nisa, amma ranar kowa ya ga damar fitowa. Wata babbar mota ta tsaya sauke buhuna a tsakiyar titi, direban yana shan rake hankali kwance. Kafinta ya danna oda har ta shaƙe. Yana ta magana shi kaɗai. "Kan zane na bi. Wallahi kan zane na bi. Yaya, ai taimako na yi." Matar tana salati, ta riƙe kan mijinta don kada ya bugi gilashi. Shi kuwa agogon motar yake kallo, goma da minti ashirin, goma da rabi, yana jin kowane minti kamar ana ƙara wa noti juyi ɗaya.

Masana'antar fili ce mai siminti, da babbar rumfar kwano a ƙarshensa, gabanta a buɗe. Daga bakin ƙofa akwai matakala uku da ake sauka zuwa filin. A saman matakalar suka ajiye shi cikin kekensa, kuma daga nan yana ganin kome. Tukunyar tana rataye tsakanin ginshiƙai biyu, wuta shuɗiya tana huci a ƙarƙashinta. Zoben an shafe shi da jan fenti, ya yi kyau abinsa. A kan wani dandamalin ƙarfe mai tsani ɗaya, dab da bakin tukunyar, ga Auta da muciyar da ta fi ta tsawo, tana tuƙawa da dukan jikinta, tururi yana rufe ta yana buɗewa.

Uwar ta ƙwala mata kira. Ƙarar injin yanka sabulu ta haɗiye kiran. Auta dai ta hango su, ta ɗaga hannu tana murmushi, har da ɗan rausaya muciyar. Ta ɗauka kallo suka zo.

Manaja ya tare su a ƙasan matakala, da takarda a hannu da biro a kunne. Ba mugu ba ne, mutum ne da aka ɗora wa ranar da ba ya so ta lalace. Ya saurari Kafinta yana inda-inda, ya saurari matar tana maganar yadi da hammata, ya dubi tsohon da yawu yake zuba a gefen bakinsa.

"Baba, Allah ya ba ka lafiya," ya ce da ladabi. Sannan ya juya ga sauran. "Injiniya ya duba ya sa hannu. Jiya mun cika ta da ruwa ta kwana, ko gezau. Sabulu kuma in ya fara haɗuwa ba a tsayawa, in aka daina tuƙi duk ya kama ya lalace. Ku ba ni awa ɗaya a sauke, sai mu zauna a ofis a yi maganar."

"Ruwan jiya mai sanyi ne!" matar ta ce. "Ka sauko min da 'yata, ka ji ko?"

"Hajiya, ba a shiga rumfa babu takalmin aiki. Don Allah ki tsaya nan."

Ta yi yunƙurin kewaye shi, ya sha gabanta, mai gadi ma ya matso. Kafinta ya kama hannun Manaja yana rantsuwa cewa shi ya yi samfurin, shi ya san abin da ya yi. Duk suka ba tsohon baya.

A cikin wannan hayaniya kunnensa ya tsinci wani abu da ba wanda ya ji. Ƙaramin sauti ne, tik, kamar an jefa tsakuwa a kwano. Ya taɓa jin irinsa a gidan zubi, shekaru da yawa, daga wani ƙarfe da yake kwance shi kaɗai a tsakar fili, kafin ya rabe biyu. Ya jira. Tik.

Ba shi da murya, ba shi da ƙafar gudu. Abu ɗaya ya sani tabbas game da Auta: tun tana ƙarama, ko tuntuɓe ya yi sai ta riga kowa zuwa. Ya dubi matakala ukun da simintin da ke ƙasansu. Tsoron faɗuwa ya kama shi, tsoro na gaske, irin na wanda ya san ba shi da hannun da zai tare fuska. Ya kafa ƙafar hagu a ƙasa, ya ja keken har bakin matakala, ya rufe ido ya tura.

Goshinsa ne ya fara isa. Ya ji ƙarar a cikin kansa, keken ya biyo shi ya faɗo masa a baya. Matarsa ta kurma ihun da ya fi ƙarfin kowane inji. Jini ya rufe masa ido ɗaya, amma da ɗayan ya ga abin da yake so ya gani: muciya ta tsaya, Auta ta sake ta, ta sauko tsanin tana tsallake matakai, ta ratsa filin da gudu ɗankwalinta yana faɗuwa.

"Baba! Baba, me ya kawo ka? Wa ya bar shi a nan?" Ta zube a ƙasa, ta ɗora kansa a cinyarta, tana danne raunin da tafin hannu. Ya lalubi wuyan hannunta da hannun hagu ya riƙe.

Sai ya ji muryar Manaja a samansa. "A kawo akwatin magani! Tsinke! Tsinke, hau ki karɓi muciyar nan kada ya kama!"

Ta gefen hannun Auta ya ga Tsinke ta fito daga wajen injin yanka, ta waiwayo tana dubansa da tausayi, sannan ta kama tsanin ta hau. Ya yi gurnani, ya yi ƙoƙarin ɗaga kai, Auta ta mayar da shi. "Kwanta, Baba, kwanta, ina nan." Kuma ga abin da ba zai taɓa iya gaya wa kowa ba ko da harshen ya dawo: a daidai lokacin, da ya ga wata ce a kan dandamalin ba tasa ba, zuciyarsa ta yi sanyi. Daɗi ya ji. Wannan daɗin ya tsorata shi fiye da duk abin da ya gani tun safe.

Ƙarar da ta biyo baya kamar an harba bindiga a cikin ɗaki take. Kunnen hagu ya tsinke daga jikin zoben. Tukunyar ta karkata, ta bugi dandamalin, tafasasshen sabulu ya kwararo ta gefen da tsanin yake, tsanin ya ɓalle ya faɗi cikinsa. Mai kula da wuta ya yi tsalle ya fice. Mata suka watse suna ihu. Tsinke ta rage a sama ita kaɗai, ta rungume ƙarfen dandamalin, tururi ya kewaye ta, tukunyar kuma tana lilo a kan kunne ɗaya.

Auta ta yunƙura za ta tashi. Hannun ya riƙe ta.

"Baba, sake ni! Tsinke ce! Sake ni!"

Shekara talatin da huɗu hannun nan yana danne katako don na dama ya sassaƙa. Ta ja, ta murɗa, bai motsa ba.

Wani ya wuce ta kansa da gudu, har bakin wandonsa ya shafi fuskar tsohon. Sabuwar riga ce. Kafinta ne, ya nufi rumfar. Ya wuce kusa ƙwarai, kusan da in an miƙa hannu za a kama ƙafarsa, kuma Mai Samfuri ya san kunne na biyu irin na farko ne, kusurwa ɗaya, kogo ɗaya. Ya so ya kira shi da sunan da yake kiransa suna yara. Hannu ɗaya gare shi, kuma akwai abin da ke cikinsa.

Kafinta ya kewaya ta bayan dandamalin inda sabulun bai kai ba, ya buɗe hannuwa yana yi wa Tsinke tsawa ta diro. Ta diro a kansa, suka zube tare. Ya tashe ta, ya hankaɗa ta waje da dukan ƙarfinsa, ta fito tana birgima a siminti. Shi kuma santsi ya kwashe shi, ya dafa ƙasa zai miƙe. Kunne na biyu ya tsinke.

Tururi ya cika rumfar har ba a ganin ginshiƙan. Tsinke tana zaune a fili tana kuka, ba abin da ya same ta sai gwiwa da ta kuje. Manaja yana ihu a rufe gas, a kawo ruwa, a kira mota. Farin sabulu yana malalowa a hankali daga bakin rumfar, yana bin gangaren simintin. Ba wanda ya fito a bayansa.

Auta ta daina fizga. Ta sunkuyo ta dubi ubanta, fuskarta duk jininsa, muryarta ta koma ƙarama.

"Baba, Baffa yana ciki. Don Allah ka sake ni."

Yana jin ta sarai. Ya ƙara matse hannun.